Golan da Ya Rasa Abin Kamawa

Wasa bakwai a jere ba a jefa wa Danƙo ƙwallo a raga ba, kuma in ka ji yadda yake ba da labari a gidan burodin da yake aiki, sai ka rantse shi kaɗai yake shiga fili. Gola ne, dogo, ɗan shekara ashirin da biyu. 'Yan kallo ne suka sa masa Danƙo, wai duk abin da ya taɓa hannunsa ya manne. Gaskiyar magana yaron ya iya. Amma akwai wata gaskiyar da ba ya haɗawa da ita in yana labari, wato a wasannin nan bakwai, ƙwallayen da suka iso hannunsa da ƙarfinsu ba su kai yatsun hannu biyu ba.

Dalili kuwa mutum ɗaya ne, mijin yayarsa, wanda kowa ke kira Shida saboda lambar da ke bayan rigarsa tun kafin Danƙo ya gama firamare. Kafinta ne, shekara talatin da bakwai, gajere, ƙaƙƙarfa, furfura ta fara leƙowa a gemu. Shi ne ɗan tsakiyar da ke tsayawa gaban 'yan baya. Ba ya cin ƙwallo, ba ya yanka, ba ya wani abin da za a tafa masa. In ya karɓi ƙwallo sai ya tsayar, ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma wurinsa. Masu zama a inuwa, waɗanda rabonsu da gudu tun suna makaranta, sukan ce tsohon nan tafiya kawai yake yi a fili. Su kuwa 'yan gaban ƙungiyoyin da suka zo wasa, sukan fita suna tambayar juna ta ina mutumin yake ɓullowa.

A gida ɗaya suke zaune. Danƙo yana ɗakin bakin ƙofa, wanda da can ma'ajiyar katako ne, har yanzu ma in rana ta yi zafi ƙamshin yakan taso. Shida ne ya fara kai shi fili, shi kuma ya roƙi koci ya gwada shi. Danƙo bai manta ba, yana kuma son mutumin har zuciya. Sai dai ɗan shekara ashirin da biyu yana iya son mutum, kuma ya ga mutumin ya tsaya masa a hanya, duk a rana ɗaya.

Wata Asabar sai ga baƙo a fili. Wakilin wani babban kulob ne, an ce gola suke nema ruwa a jallo. Ya zauna a kujerar roba kusa da benci, da ɗan littafi a cinya da tabarau a karan hanci, kafin a busa usur 'yan wasa sun raɗa masa Mai Tabarau. Danƙo ya ji labarin zuwansa tun ranar Alhamis, saboda haka ya yi aski, ya wanke safar hannu ya shanya, ya kuma hana 'ya'yan yayarsa biyu wucewa ta kusa da igiyar. Ya shiga fili yana tsalle yana taɓa ƙarfen saman raga, don mai kallo ya ga tsayi.

Sai aka yi minti casa'in bai ga aiki ba. Duk sanda abokan karawa suka ɗauko ƙwallo suka nufo shi, sai ya ɗan durƙusa, ya buɗe hannu, ya ce yau ga ta nan. Kafin su gama ƙetare tsakiya sai ka ga Shida ya sa ƙafa, ya miƙa wa na gefe, ya juya abinsa. Sau biyar Danƙo ya taɓa ƙwallo a ranar. Uku Shida ne ya mayar masa da ita baya, ɗaya ta fita waje ya ɗauko, ɗaya kuma iska ce ta kawo ta. Suka ci ɗaya da nema, kowa ya fita yana dariya, shi kuwa rigarsa ko ƙura ba ta yi ba.

Da aka tashi, koci ya tambayi baƙon yadda ya ga yaronsu. Mutumin ya rufe littafin, wanda ko layi biyu bai rubuta a ciki ba, ya ce, "Golanku yana da tsayi. Sauran ban gani ba." Ya ce zai sake dawowa Asabar mai zuwa, sau ɗaya tak, in bai ga komai ba zai yi gaba, don akwai wasu yara uku da aka ba shi sunayensu. Danƙo yana bayan benci yana kwance igiyar takalmi, ya ji komai.

Kwana biyu yana juya maganar. Yana jera burodi a tire yana tunani, yana loda wa mota yana tunani, har direban ya ce masa in aure ne ya faɗa a taya shi. Ranar Talata da ya tashi daga aiki sai ya biya shagon Shida. Shago ne ƙarami a layin masu walda da masu faci, ƙyauren ƙofa uku jingine a bango suna jiran masu su, ƙasa duk garin katako, ga rediyo a saman kabad wanda sai an buge shi yake magana. Shida yana yanka wani dogon katako, fensir a bayan kunne. Danƙo ya kama masa ɗaya gefen ba tare da an ce ya kama ba, ya yaba kabad, ya yaba ƙyaure, har Shida ya ce masa in yunwa ce akwai shayi a filas, in magana ce kuma ya faɗa kafin katakon ya ƙare.

"Yaya, alfarma nake nema. Ranar da mutumin nan zai dawo, ka ɗan sassauta."

"In sassauta me?"

"Ka bar su su buga. Ba cewa na yi a ci mu ba. Uku ko huɗu kawai, daga nesa, irin waɗanda na san zan kama."

Shida ya dube shi, sai dariya ta ƙwace masa, har sai da ya ajiye zarton ya dafa tebur. Da ya sarara, ya tambaye shi ta yaya zai gane wadda za ta kamu. Ko zai tsayar da ɗan gaban ne ya ce masa, malam, wace kusurwa ka nufa, don ƙanin matata yana da baƙo? Danƙo bai yi dariya ba. Shida ya ga haka, shi ma ya gyara fuska.

"Ko na ce maka to, ƙarya na yi maka," in ji shi. "Shekara ashirin ina koya wa ƙafafun nan su riga ƙwallo isa wuri. Yanzu ba sa jiran shawarata. Kuma akwai mutum tara a filin nan ban da ni da kai, su ma da guminsu suka zo."

Ya ƙara da cewa wanda ya san ƙwallo zai gane gola ko daga tsayuwarsa, ya yi haƙuri. Danƙo ya ce to. Amma a ransa cewa yake, ai mutumin ya ga tsayuwar, tsayi kawai ya gani.

To, akwai abin da Danƙo ya sani wanda koci bai sani ba. Gwiwar Shida ta dama ta fi wata huɗu tana ba shi wahala. Duk ranar wasa, da sun dawo gida, yayarsa za ta fasa ƙanƙara daga firiji ta naɗe a tawul, Shida ya miƙe ƙafa a kan ƙaramar kujera, gwiwar ta kumbura kamar kwaɓin burodi. Washegari da gefe yake sauka daga matakalar ƙofa. In zai je fili kuma, tun daga gida yake ɗaure ta da bandeji, ya ja safa har sama ta rufe, ya shiga yana tafiyarsa daidai. Shida bai taɓa ce wa Danƙo ya kama bakinsa ba, domin bai taɓa zuwa masa a rai cewa sai an faɗa ba.

Ranar Laraba bayan atisaye Danƙo ya tsaya taya koci kwashe ƙwallaye a buhu, abin da bai taɓa yi ba. Kocin malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum mai tausayi da yawan damuwa, wanda in ɗan wasa ya yi tari sau biyu sai ya ce ya je ya zauna. Danƙo ya marairaice fuska, ya ce akwai abin da ke damun sa game da Yaya. Ya faɗi ƙanƙarar, ya faɗi matakalar, ya ce yana tsoron wata rana a ɗauko shi daga fili ranga-ranga. Yana magana yana gaya wa kansa tausayi ne ya sa shi. Abin haushin kuma, ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a cikin maganar.

Ranar Juma'a koci ya karanta sunayen waɗanda za su fara. Da ya zo tsakiya sai ya yi gyaran murya, ya ce Roket ne zai tsaya gaban 'yan baya, Shida zai huta. Roket ɗan shekara ashirin ne, mai gudu kamar an biyo shi, kuma inda ƙwallo take nan yake, ko da a bayan ragar wasu ne. Shekara tara rabon da a fara wasa babu Shida a ciki. Shi kuwa cewa kawai ya yi, "To, koci." Ya miƙa wa Roket hannu, ya ɗauki jakarsa.

A gida ma bai nuna komai ba. Ya ci shinkafarsa, ya taya babbar 'yarsa aikin makaranta, ya tsokani ƙaramar a kan haƙorinta da ya fita. Yayar Danƙo da ta ji labari sai ta ce alhamdu lillahi, ashe kocin nan yana da ido, ita ta gaji da fasa ƙanƙara kamar mai sayar da lemo. Danƙo ne ya ture kwanonsa gefe. Ya ce kansa ke ciwo, ya shige ɗaki.

Asabar ta zo, Mai Tabarau ya zauna a kujerarsa ta roba. Kuma minti ashirin na farko, gaskiya, Danƙo ya ji daɗinsa. Minti huɗu da farawa wani ya ɗirko ƙwallo daga nesa, ya tashi sama ya cafke da hannu biyu, ya faɗo ya ƙara mirginawa sau ɗaya wadda ba a bukata. 'Yan kallo suka ɗauki sunansa. Ta biyu ta zo ƙasa-ƙasa ta kusurwar hagu, ya kwanta ya ture ta da yatsu. Ta uku da ƙirji ya tare ta. Ya saci kallon gefe, ya ga alƙalamin mutumin yana tafiya a kan takarda, ya ce a ransa yau dai an ga sauran.

Matsalar ita ce abokan karawa ba su san uku ko huɗu ya nema ba. Suka ci gaba da zuwa. Roket yana can gaba yana bin ƙwallo, tsakaninsa da 'yan baya kuwa ga fili nan fetal, wanda za a iya ajiye motar burodi biyu a ciki. Danƙo bai taɓa ganin wurin nan babu kowa ba, bai ma san yana da girma haka ba. Mai lamba goma na ɗaya ɓangaren ya gano wurin, ya tare a ciki, yana karɓa yana juyawa yana zaɓar wanda zai ba, ba mai ce masa kanzil. 'Yan baya biyu na tsakiya suka rasa wanda zai fita da wanda zai tsaya, in ɗaya ya fita sai a zura ta bayansa.

Sannan ga shirun. Sai a ranar Danƙo ya lura cewa shekara biyu ke nan yana jin wata murya a gabansa ba tare da ya ɗauke ta a bakin komai ba. Bayanka. Matso. Bar shi, nawa ne. Koma. Kwantar da ita. Ba ihu Shida yake yi ba, magana ce kawai ba tsayawa, irin ta mai ba direba hannu wajen ribas. Yau babu ita, kowa yana wasa da abin da idonsa ya gani kawai.

A minti na talatin da ɗaya aka zura masa ta farko. Mutum biyu suka fito masa shi kaɗai, ya bi ɗaya aka ba ɗayan. Ta biyun kuwa, minti biyar kafin hutu, ta fi ciwo, don ya gaji, ya fito bugun kwana bai kai ba, aka sa mata kai ta wuce ta samansa. Ya shiga raga ya ɗauko ta da kansa. Yana miƙewa idonsa ya faɗa kan benci. Shida yana zaune a can ƙarshe, ya karkato gaba, leɓensa na motsi. Yana ta faɗa wa mutane inda za su tsaya, daga inda ba mai jin sa. Nan kunya ta kama Danƙo, har ya kasa ci gaba da kallon wurin.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, ɗakin canza kaya ya cika da haki da ƙarar robar ruwa. Koci ya yi ta zane a allo yana gogewa, daga ƙarshe ya ajiye allin, ya juya wajen Shida, ya tambaye shi tsakani da Allah ko gwiwar za ta iya minti arba'in da biyar. Shida ya ɗago kai. Ya leƙo ta gefen koci, ya dubi Danƙo da ke zaune a ƙasa, gwiwar hannu a ƙuje, riga ta yi baƙi.

"Ya ishe ka, ko a ƙara maka?"

Babu wanda ya gane tambayar sai su biyu. Danƙo ya sunkuyar da kai.

"Ya isa, Yaya."

"To, za ta iya, koci," in ji Shida, ya fara ɗaure takalmi.

Abin da ya biyo baya ba irin wanda ake ba da labarinsa a gidan burodi ba ne, amma Danƙo bai taɓa kallon wasa da ido buɗe kamar ranar ba. Shida ya shiga, bai je wurin ƙwallo ba, sai ya je ya tsaya taku uku daga mai lamba goma, ta gefen da ake miƙo masa. Shi ke nan. Mutumin da ya yi minti arba'in da biyar yana yadda ya ga dama, sai ga shi yana ɗaga hannu ba mai iya ba shi. Ya koma hagu, ya tarar Shida ya riga shi. Ya ja baya neman ƙwallo, Shida ya bar shi ya tafi, don can ba ya cutar da kowa. Roket bai fita ba, gaba aka matsar da shi, kuma da ya sami mai ce masa je ka, dawo, sai gudunsa ya zama abin amfani.

Danƙo ya ga yadda Shida yake waiwayawa sau biyu kafin ƙwallo ta iso shi. Ya ga yadda in nasu sun hau gaba duka, shi sai ya ja baya ya cike gurbin ɗan bayan da ya tafi. Akwai sanda mutum uku suka ɓallo, ya bi mai ƙwallon a hankali yana tura shi gefe, yana tura shi, har layi ya ƙare masa. Ashe ƙaryar masu inuwa ce, tsohon gudu yake yi, sai dai yana yin nasa ne tun kafin kowa ya ga dalili, shi ya sa in an waiwayo sai a same shi a tsaye. Kuma duk sanda ya juya a kan ƙafar dama, fuskarsa takan ɗan motsa.

Suka farke ɗaya a minti na sittin. Ta biyun ta zo saura minti takwas, Roket ne ya ci, kuma in ka tambayi 'yan kallo ba wanda zai tuna cewa daga ƙafar Shida ta faro, ɗan fasin na taku biyar da ya miƙa wa na gefensa. Aka tashi biyu da biyu. A kashi na biyun nan sau uku Danƙo ya taɓa ƙwallo, kuma bai taɓa jin daɗin zaman banza kamar na ranar ba.

Mai Tabarau da kansa ya kira shi. Ya buɗe littafin, wannan karon shafi ya cika. Ya ce bakwai ya tare, biyu sun shiga, ta biyun laifinsa ce, kuma bakinsa a rufe yake kamar an ɗinke. Amma hannu akwai, zuciya ma akwai, don bayan an ci shi bai daina fitowa ba. Ya ce ya zo gwaji nan da kwana tara, ya rubuta masa adireshi da lokaci. Danƙo ya karɓi takardar da hannu biyu. Har mutumin ya juya sai ya tsaya, ya nuna Shida da alƙalami, wanda ke zaune a benci yana kwance bandeji a gaban kowa, tunda yanzu ba sauran abin ɓoyewa.

"Ka shirya fa. Mu ba mu da irin wancan. A wurinmu kullum irin kashin farko ne, shi ya sa muke neman gola."

Koci kuma, da ya ga gwiwar da idonsa, ya yanke hukunci a tsaye: daga yau rabin wasa Shida zai riƙa yi, shi ma sai likita ya duba ya yarda.

Suka kamo hanyar gida su biyu da la'asar sakaliya, Danƙo ɗauke da jaka biyu. Suka wuce masu wankin mota, suka wuce kantin magani, mutane suna ta ɗaga wa Danƙo hannu suna cewa yau gola ya yi aiki, in ba don shi ba da biyar aka zuba musu. Shida yana taya su, yana cewa ai yaron ba daga nan ba. A gaban wani shagon ɗinki da aka rufe Shida ya ce su ɗan zauna a dakali, takalminsa ne ya matse shi. Danƙo ya san ba takalmi ba ne.

"Yaya, ni na gaya wa koci."

"Na sani. Mu uku muka san gwiwar nan, kuma yayarka ba ta da lambar koci."

Danƙo ya buɗe baki zai ba da haƙuri da dogon bayani. Shida ya ce ba zai ɓoye masa ba, jiya ya ji zafi, har ya kasa gama aikin mutane. Shekara tara ba kwana tara ba ce. Amma ba ƙarya aka yi masa ba, gwiwar tasa ce kuma ta kumbura, da ma wata rana sai ta tona kanta. Sannan ya tambaye shi me Mai Tabarau ya ce. Danƙo ya nuna masa takardar. Shida ya karanta ta sau biyu, fuskarsa ta washe, ya buga masa kafaɗa har sai da ya ji zafi. Da Danƙo ya faɗa masa maganar ƙarshe, ta cewa can kullum irin kashin farko ne, sai dariyar ta tsaya. Ya dubi titi, sannan ya juyo ya jefa masa tambaya.

"Ƙwallon farko da aka ci ka, daga ina ta faro?"

Danƙo ya ce daga sanda mutum biyun suka fito masa.

"A'a. Daga jifa ta faro, can gefen hagu, fasin huɗu kafin ta iso ka. Ina zaune na gan ta tana zuwa. Kai kuma ka fi ni ganin fili, duka yana gabanka. Da ka ce wa Roket ya dawo taku biyar, da ba a yi ta ba. Rabin aikin da nake yi da baki nake yin sa, kuma baki ba ya bukatar gwiwa. Can ba za ka same ni ba, to kai za ka riƙa gaya musu."

Ya ce kwana taran nan, kullum in ya tashi daga burodi ya same shi, su bi wasan yau ɗaya bayan ɗaya, har sai ya iya ganin ƙwallo tun tana nesa. Danƙo ya ce to. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya dafe ta. Murna yake yi, wannan ba shakka, murnar da ya daɗe yana jira. Amma akwai tambayar da ke cin sa tun daga hutun rabin lokaci.

"Yaya, shekara biyun nan da nake bayanka, haka suke zuwa kullum?"

"Kullum," in ji Shida, kamar wanda aka tambaya ƙarfe nawa.

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi. Wannan karon bai yi ta maza ba, ya miƙo hannu ya dafa kafaɗar Danƙo, ya sakar masa nauyinsa duka a bakin titi, mutane na wucewa. Danƙo ya mayar da jakunkunan ɗaya kafaɗar, ya rage tsawon takunsa, suka ci gaba da tafiya.